Shekara ɗaya da tankin gas ɗin kashin shanu a gidana, ga abin da na gani

Jama'a assalamu alaikum. Tun da aka ga tankin nan a bayan gidana a Hanwa, Zariya, tambaya ba ta ƙare ba, a masallaci a tambaye ni, a wajen ɗaurin aure a tambaye ni, wani abokin aikina na da ma daga Giwa ya kira ni takanas wai ance masa da kashin shanu ake dafa tuwo a gidana, da gaske ne? Eh da gaske ne. An kafa shi bayan ƙaramar sallah ta 2024, na ga bazara da shi, na ga damina, na ga hunturu, na sake zagayowa wata bazarar, to yanzu ina ganin ina da bakin magana. Ba zan kama sunan kamfanin ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi kuma ba tozarta kowa na zo yi ba, amma duk mai niyyar saye ya daure ya karanta har ƙarshe.

Abin da ya kai ni ba wani abu bane illa tsadar gas. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya bi ya tashi, tukunya mai kilo 12.5 da muke cikawa ba tare da tunani ba ta koma sai an yi lissafi, uwargida ta koma gawayi da itace, shi ma buhun gawayin kullum da sabon farashi, ga hayaƙi, kuma ita dama tana da matsalar ido, in ta gama tuwon dare sai kaga idon yayi ja yana hawaye. Ni kuma ina da 'yan shanuna guda huɗu a turke, bijimai biyu na kiwon sallah da saniya Bunaji ɗaya da ɗan maraƙinta, kashinsu muna tarawa a kusurwa har manoma su zo su kwasa a kai gona. Wata rana a Sabon Gari na tsaya sayen kayan famfo sai wani yaro ya miƙo min takardar talla, a jiki an rubuta da manyan baƙaƙe wai dabbobi ne ke fitar da kashi 18 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ka sayi tankinsu ka kawar da na dabbobinka kuma ka dafa abinci kyauta har abada. Ni gaskiya kalmar kyauta ce ta ja ni, maganar ɗumamar duniya sai daga baya na zo kanta, kuma zan dawo kanta don a nan ne nake da magana da su.

Kuɗin, da kayan da aikin kafawa da tiyo da murhun, ya kai kuɗin matsakaicin bijimi a lokacin. Ba ƙaramin kuɗi bane ga irinmu, sai da na yi sati biyu ina juya abin a raina kafin na biya.

Shi abin ba wani sihiri a ciki. Babbar jaka ce ta roba mai kauri baƙa a zaune cikin firam, gefe ɗaya akwai baki kamar mazurari inda ake zuba kashi, ɗaya gefen akwai inda ruwan taki ke fita, a sama kuma inda gas ke taruwa ya bi tiyo zuwa kicin. Ka kwaso kashi ɗanye na ranar, ka dama shi da ruwa daidai wa daida, bokiti ɗaya na kashi bokiti ɗaya na ruwa, ka tsince kara da tsakuwa da leda, ka zuba. A ciki babu iska, to wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, irin waɗanda dama ke cikin tumbin saniya, su ne ke cinye kashin su fitar da gas. Fiye da rabin gas ɗin iskar da ake kira metan ce, ita ce ke kamawa da wuta, sauran yawanci iskar kabon ce. A Indiya da ƙasar Sin gidaje miliyoyi ke amfani da irin wannan tun shekaru da dama, mu ne dai bai yaɗu a wajenmu ba.

Aikin kafawa kam ba ni da abin cewa sai yabo. Mutum uku suka zo, injiniyan da yara biyu, suka duba inda rana ta fi bugawa, suka daidaita ƙasa, kafin la'asar sun gama. Injiniyan mutum ne mai haƙuri, ya tsaya ya nuna wa yaron da ke min kiwo yadda ake damawa har sau uku, yace min Alhaji kar a kuskura ruwan sabulu ko omo ya shiga, kuma in an yi wa dabba allurar kashe ƙwayoyin cuta a ware kashinta na 'yan kwanaki kar a zuba, don zai kashe 'yan halittun da ke aikin. Wannan gaskiya ya faɗa min. Cikon farko ya ci kashi sosai, nawa bai isa ba sai da na sa aka kawo min a baro daga gidan maƙwabci, ruwa kuma 'yan garuwa suka yi ta jigila. Daga nan sai jira. Sati ɗaya shiru, sati biyu jakar ta fara kumbura amma in an kunna ashana sai ta mutu, na kira shi yace a saki wannan na farkon iska ce kawai, a ƙara haƙuri. Cikin sati na uku da asuba uwargida ta murɗa ta ƙyasta, sai ga wuta shuɗiya shar ta zagaye kan murhun, babu hayaƙi ko ɗis, babu ƙara. Ta ɗora butar shayi muka tsaya mu biyu muna kallo har ya tafasa, ta ɗaga butar ta duba gindinta fes babu baƙi. Tace Alhamdulillah sau nawa ban ƙirga ba.

Sai dai Hajiya mahaifiyata da ke zaune tare da mu tace ita kam ba za ta ci abincin da aka dafa da kashi ba. Kwana biyu ana dafa mata nata daban a gawayi. Nace Hajiya ai ba kashin ke taɓa tukunya ba, iska ce kawai ke biyo tiyo, tace kai dai ka tambayo malamai. Na tambayi limaminmu bayan sallar magariba, yace a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa bane matuƙar ba ƙazanta take ci ba, balle ma wuta da ba ta haɗu da shi ba, kuma ya tuna min a ƙauye tun kaka da kakanni ana hura wuta da busasshen kashin shanu. Da na kawo mata wannan sai ta sauko, yanzu ita ce ma ke fara ɗora ruwan alwala da asuba.

A bazara abin yana aiki kamar me. Bokitin fenti biyu na kashi a rana yana ba mu wutar kai ɗaya ta wajen awa biyu da rabi zuwa uku, koko da shayin safe, miya, dafa-duka, taliya, ruwan wankan yara duk yana ɗauka. Amma fa wutar ba ta kai ta gas ɗin tukunya ƙarfi ba, wannan a sani. Tuwon gida mai mutum goma sha a babbar tukunya sai an yi haƙuri, wake kuma in ba a jiƙa shi ba zai cinye gas ɗin yini guda. Mu dai abin da ya faru shi ne tukunyar gas da ke mana sati uku ta koma tana haura wata biyu, gawayi kuma sai ranar tuwo mai yawa ko suya. Kyauta har abada da suka rubuta ba haka bane, ragi ne mai kyau, kuma ni ragin ya ishe ni farin ciki.

Matsala ta farko ni ban hango ta ba su ma ba su faɗa min ba. Babbar sallah ta zo a watan Yuni, na sayar da bijimai biyun kamar yadda na saba, sai aka wayi gari saniya ɗaya da maraƙi ne kawai ke ciyar da tanki. Gas ya faɗi warwas. Duk mai kiwon sallah ya riƙe wannan, tankin ba ya san sallah, kullum sai ya ci. Sai da na shirya da wani mahauci yana aiko min da abin cikin tumbi da ake zubarwa in an yi fiɗa, shi ma yana aiki sosai, da haka muka lallaɓa har na sake ɗaure wasu bayan kaka. Ga kuma ruwa, kullum bokiti biyu zuwa uku, wanda ba shi da rijiya ko burtsatse a gida ya saka kuɗin garuwa a lissafinsa tun kafin ya biya.

Da damina kuma wata rana wuta ta fara tsalle tana yin ja tana mutuwa, ashe ruwa ne ya taru a inda tiyon ya lanƙwasa, don gas ɗin yana tafe da laima. Wannan da kaina na gano, na kwance na zubar, na ɗaga tiyon na ɗaure shi a jikin katanga yadda zai gangara. Bayan wata biyar kuma sai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya fara tashi in an kunna, akwai wata 'yar matata a hanyar tiyon mai ɗauke da ƙarfe a ciki wadda ke tsotse wannan warin, ita ce ta ƙare. Kuma ba warin kaɗai bane, iskar da ke kawo shi tana cin ƙarfen murhu, shaƙarta da yawa kuma illa ce, shi yasa ko da wasa kar a kafa abin nan a rufaffen wuri ko a bar kicin babu taga. A nan ne na fara ganin halin kamfanin bayan an biya su. Na kira, ance gobe. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama sati uku, sai da na je ofishinsu da ƙafata da rasit a hannu sannan aka ba ni matatar, kuma da kuɗi, alhali ranar ciniki ance min shekarar farko komai a kansu yake. Yarinyar da ke kan tebur tace yi haƙuri Baba ba a rubuta a takarda ba. Na duba, gaskiyarta, ba a rubuta ba. Don haka duk alƙawarin da aka maka da baki ka sa a rubuta a jikin rasit a buga hatimi.

Hunturu shi ne babban gwaji, kuma kowa ya san sanyin Zariya ba wasa bane, a Disamba da Janairu da asuba hannu ma ba ya son taɓa ruwa. Su waɗannan 'yan halittun ɗumi suke so, kwatankwacin ɗumin cikin saniya, da sanyi ya sauko sai su yi lakwas. Wutar da ke mana kusan awa uku ta dawo ko awa ɗaya ba ta cikawa, a daidai lokacin da aka fi buƙatar ruwan zafi. Na kira injiniyan ya fi sau biyar bai ɗauka ba, da ya ɗauka yace haka yake Alhaji sai zafi ya dawo. To me yasa ba a faɗa min tun farko ba? Wannan ya min ciwo, don ba a Legas ko Fatakwal suke sayarwa ba, a Zariya suke sayarwa, sun san hunturunmu. Dabarar da ta taimaka 'yata ce ta kawo ta, tace a daina damawa da ruwan asuba, a ajiye ruwan a baƙar jarka a rana sai azahar a dama da shi da ɗuminsa, da yamma kuma a lulluɓe tankin da tsofaffin buhuna da tamfol, a kare shi daga iskar gabas da zana. Bai dawo kamar bazara ba amma ya ɗaga sosai.

Ita wannan 'yar tawa kimiyyar dabbobi take karanta a ABU Samaru, suna zuwa NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, aikin gwaji, kuma ita ce ta buɗe min ido a kan takardar tallan nan. Ta gan ta a kan tebur ta karanta tace Baba wannan kashi 18 ɗin tsohon lissafi ne. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta fitar da shi a 2006. A 2013 hukumar ta sake lissafi tace kashi 14.5, a ƙarshen 2023 kuma tace kusan kashi 12. Nace to madalla kenan abin raguwa yake. Tace a'a Baba tsaya, ba haka ake karanta shi ba. A lissafin 2006 da na 2013 yawan hayaƙin dabbobin kusan ɗaya ne, tan biliyan 7.1 a shekara, abin da aka raba shi da shi ne ya canza, wato jimillar hayaƙin duniya baki ɗaya, ga kuma hanyar lissafin ita ma an sauya ta. Na 2023 ya ce tan biliyan 6.2, shi ma da sabon ma'auni. Ta kawo min misali da abin da na sani, tace in kai kaɗai ke kawo mudu biyu a gidan da ake cin mudu goma, rabonka kashi 20 ne, in gidan ya koma cin mudu ashirin kai kana nan a kan mudu biyunka, rabonka ya koma kashi 10 alhali ko ƙwaya ba ka rage ba. Wallahi sai a lokacin na gane. Kason dabbobi zai iya sauka a takarda don kawai motoci da masana'antu da injinan wuta sun ƙaru.

Kuma tace wancan lissafin duniya ne, kowace ƙasa da nata, kuma ba su kama da juna. A Amurka duk yawan shanunsu noma gaba ɗayansa wajen kashi 10 ne na hayaƙinsu, na dabbobi bai ma kai haka ba, ba don shanunsu ba sa fitarwa ba sai don motoci da tashoshin lantarki sun rinjaye su. A Niyuzilan kuwa, ƙasa mai mutum miliyan 5 da 'yan kai, noma da kiwo ke da kusan rabin hayaƙin ƙasar, saboda yawancin lantarkinsu daga ruwa da makamantansa yake, dabbobi kuma sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. A 1982 tumakinsu sun kai miliyan 70, yanzu ba su kai miliyan 25 ba, amma a tsakanin sai shanun madara suka ƙaru sosai, shi yasa raguwar tumakin ba ta sauke kason yadda mutum zai zata ba. Gwamnatinsu ta taɓa shirya sa wa manoma haraji a kan wannan hayaƙi, manoma suka tayar da ƙura, gwamnatin da ta biyo baya ta soke shirin a 2024. A 2024 ɗin dai ƙasar Danmak ita kuma ta amince za ta fara karɓar irin harajin daga 2030. Mu nan Najeriya muna cikin ƙasashen da suka shiga alƙawarin rage metan da kashi 30 kafin 2030, wanda aka ƙaddamar a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo a 2021, a can ne ma marigayi Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take kawarwa ba, kuma a 2024 an kafa ma'aikatar kula da kiwon dabbobi ta tarayya. Shanunmu sun haura miliyan 20, amma kuma mu ne ke ƙona gas a sararin sama a yankin Neja Delta dare da rana, ga janareta a kowane lungu, ga daji da ake sarewa ana gawayi. Duk wanda zai yi maganar hayaƙin ƙasar nan ya ɗora wa makiyayi shi kaɗai bai yi adalci ba, wannan ra'ayina ne kuma ina kansa.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ta ja ni turke da yamma. Saniyar tana kwance tana tuƙa, tace Baba kalli wuyanta ka saurara. Na tsaya, can sai naga abu ya taso ta maƙogwaro, ta saki wata 'yar gyatsa a hankali ta cigaba da tuƙarta, bayan ɗan lokaci ta sake. Shekara nawa ina kiwo ban taɓa kula ba. Tace to yawancin metan ɗin saniya ta nan yake fita, ta baki da hanci, daga tumbi, yini da kwana, ba ta kashi ba. A lissafin 2013 ɗin nan, abin da ke fita daga tumbi kusan kashi 40 ne na hayaƙin kiwo, na ajiyar kashi wajen kashi 10 ne kacal, mafi yawan sauran daga noman abincin dabbobi da sarrafa shi ne. Tankina kuwa ba ruwansa da gyatsa. Ƙari a kan haka, tace kashin da ya faɗi a fili rana ta busar da shi, irin na shanun da ke yawon kiwo, metan ɗin da yake fitarwa kaɗan ne, don sai inda babu iska kuma da laima yake samuwa, kamar tulin da muke tarawa ya jiƙe da damina ko manyan ramukan ruwan kashi na gonakin Turawa. Kenan maganar ka kawar da hayaƙin dabbobinka da aka rubuta a takarda ta wuce gona da iri. Ban ji daɗi ba, don ba sa buƙatar wannan ƙarin gishirin, kayansu na da amfanin da zai sayar da kansa.

Akwai ma inda tankin zai iya zama ɓarna in ba a kula ba, kuma wannan ko a baki ba su ambata min ba. Metan ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 28 in an auna a shekara 100, in a shekara 20 ne ma ya kai wajen sau 80, duk da ita ba ta daɗewa a sama, shekara goma sha biyu ne kwatankwaci. In ka ƙona ta a murhu ta koma kabon da tururi, an rage mata kaifi. In kuwa ta zurare ta tafi haka nan, to ka ƙera metan da hannunka ka sake ta. A bazarar bana da muka yi tafiya Kaduna kwana huɗu, yaron ya cigaba da zuba kashi ba mai girki, jakar ta cika tam, na dawo na tarar bawul ɗin kariya yana ta sakin gas yana ɓulɓul a cikin ruwa. Tun daga ranar na kafa doka, in za a yi tafiya a rage zubi, in ya cika a kunna a dafa ruwa ko a kira maƙwabta su ɗora tukunyarsu, matar maƙwabcina yanzu ta saba tana kawo waken ta. Kuma duk ranar Asabar ina bin mahaɗan tiyo da ruwan kumfa a soso, inda ya yi ƙwai to akwai yoyo, sau biyu ina kamawa a bakin murhu.

Inda nake ganin amfaninsa na gaskiya ga muhalli shi ne itace da gawayin da muka daina saye. Duk mai bin hanyar Birnin Gwari ko ta Kaciya a shekarun nan ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi, kowane buhu bishiya ce ta faɗi. Sannan lafiyar masu girki, Hukumar Lafiya ta Duniya tace hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Ni ba sai an kawo min lissafi ba, idon uwargida ya daina ja, tarin da take yi da dare ya lafa, bangon kicin da muka yi wa fenti bara har yau fari ne.

Sai ruwan takin da ke fita ta ɗaya gefen, wanda ni da farko ban ɗauke shi komai ba. Ba shi da wari sosai, ƙuda ba sa binsa kamar ɗanyen kashi. Muna tara shi a durom mu sirka da ruwa, na zuba wa 'yar gonar bayan gida, masara da kuɓewa da alayyafo, ganyen ya yi kore shar har maƙwabta na tambaya wane taki na sa. Rabin buhun takin zamani na saya bara maimakon buhu guda. Matsalarsa ɗaya, ruwa ne, kai shi gona mai nisa aiki ne, in gonarka tana Shika ko hanyar Soba sai ka tanadi jarkoki da abin ɗauka. Turken ma ya fi tsabta yanzu tunda kullum ake kwashewa, sauro da ƙuda sun ragu.

Game da gyatsar kuwa na tambayi 'yar tawa ko akwai abin yi, tace babu tankin da zai kama ta, amma abinci yana da tasiri. Dabbar da ke fama da busasshen kara da ƙaiƙayi zalla tana daɗewa ba ta yi ƙiba ba, shekara da shekaru tana gyatsa ba nama ba nono, saniyarmu ta gida da ƙyar take ba da lita ɗaya zuwa biyu a rana. In ana haɗa mata da harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, gurya, gishirin lasa, ga maganin tsutsa da rigakafi a kan lokaci, za ta kai kasuwa da wuri, hayaƙin da aka fitar a kan kowane kilo na nama ko litar nono sai ya ragu. Wannan kuwa ko ba don yanayi ba riba ce ga mai kiwo. Bana na sayi harawa tun da kaka tana araha na jibge a rufin ɗaki, bijiman da na ɗaure sun cika ido cikin wata huɗu.

To wa zan ba shawarar ya saya? Wanda ke da aƙalla shanu uku zuwa huɗu a ɗaure duk shekara ba na sallah kaɗai ba, yana da ruwa a gida, yana da fili inda rana ke bugawa, kuma akwai mai tsayawa a kai kullum ba fashi. Wanda shanunsa ke daji wajen Fulani sai an ga dama a kawo masa kashi, ya haƙura, zai yi asarar kuɗinsa. Mai gidan haya ma haka. In da maki ake bayarwa, kayan kansu zan ba su huɗu cikin biyar, aikin kafawa biyar, kulawa bayan ciniki biyu, ita kuma takardar tallan su gyara ta. Na faɗa wa injiniyan haka baki da baki ranar da ya zo duba wani aiki a unguwarmu, nace ku cire kashi 18 ɗin nan ku rubuta wa mutane gaskiyar hunturu da ta matata, yace zai kai maganar gaba in sha Allah. Satin da ya wuce na ga yaron a Kwangila yana rabon takardar, na karɓi ɗaya na duba, har yanzu ita ce dai ba a canza komai ba. Matatar ta biyu kuma ta kusa ƙarewa, wannan karon na riga na sayi biyu na ajiye.